Ƙasusuwan da Larai Ta Sa Aka Shanya

Larai mai banda ta yi kusan shekara biyar ba ta san ko tana da miji ba. Mutanen Tungar Mainasara, ƙaramin ƙauyen masunta da ke bakin tafkin madatsar Goronyo, duk sun san labarin, kuma ba sa ɗaukarsa wani abin mamaki, don ruwa ya saba cin mutane a wurin. Abin da ya bambanta nata shi ne har Legas aka kai maganar, aka dawo ba amsa.

An haife ta wajen Kwargaba, cikin ƙasar Wurno, a shekarun da ake aikin madatsar. Ubanta yana noman albasa da tafarnuwa da rani, da damina kuma in kogin Rima ya cika ya malale fadama sai ya koma masunci. Da aka datse kogin, malalar ta ragu, kifin fadama ya ragu tare da ita. Mutumin ya duba, ya ga kifi ya koma sama inda ruwa ya taru, sai ya kwashi iyalinsa ya bi shi. Larai tana da shekara bakwai suka sauka bakin tafkin, ita da yayanta Yusha'u.

Wurin uwarta ta koyi banda. Ta koyi farke tarwaɗa, a naɗe ta a soke da tsinke, a jera bisa waya, a hura wuta ƙasa-ƙasa yadda hayaƙi zai yi aiki ba harshen wuta ba. Ƙananan kifi kuwa ba a ɓata masu itace. Akwai fallen kwano biyu a tsakar gida, nan ake baza su rana ta gama da su. Ƙa'idar gidan ɗaya ce, kuma Larai ta riƙe ta tun ba ta kai tsawon murhun ba: duk abin da ya fito daga ruwa ba ya kwana da danshi. In ya kwana, gobe sai a zubar.

Ta haura ashirin ta auri Mode. Masunci ne mai hannu, marar yawan magana, amma ƙafarsa ba ta zama. In kifi ya yi ƙaranci a tafkin sai ya ɗauki jaka ya nufi Yawuri, wani lokaci ma gaba da can, kuma ba kullum yake sallama ba. Akwai shekarar da ya yi wata takwas, ya dawo da sabon taru da rediyo, ya zauna ya ci tuwo kamar jiya ya fita. Sun haifi 'ya'ya biyu, duka sun koma kafin yaye. A zaryar asibiti da na biyun ne Larai ta san Elisabatu, 'yar ƙasar Zuru da ke aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a yankin. Yaron bai tashi ba, amma sanayyar ta tsaya. Larai takan ware mata karfasa in ta samu masu kyau, Elisabatu kuma takan ce banda Larai babu mai bandar da ba ta ɗaci a duk gaɓar nan.

Cikin watan Satumba na shekarar dubu biyu da goma sha uku, tafki ya cika maƙil, Mode ya fita da hantsi bai dawo ba. Washegari aka ga kwalekwalensa yana yawo shi kaɗai kusa da wasu busassun itatuwa da ruwa ya cinye. Bai kife ba. Taru yana ciki a naɗe, filafili ne kawai babu. Masu nutso suka yi kwana uku ba su taɓa komai ba. Ba wanda ya ga ya faɗa ruwa, ba kuma wanda ya ga ya hau mota. A ɗaki, Larai ta duba ta ga jakarsa tana nan, amma babbar rigarsa ta Juma'a babu, kuma ta kasa tuna ko tun da daɗewa ya ba wani aro.

Uwar Mode, Inna Kyauta, wadda suke gida ɗaya, ta ce tafiya ya yi, kuma ba ta ƙara komai a kai ba. Liman ya ce ba a shiga takaba sai da gawa ko shaidu. A cikin watan nan kuma aka ji cewa wani baƙon masunci daga ɗaya gaɓar shi ma ya ɓace, wanda ba a ma san sunan garinsu ba.

Haka Larai ta shiga zaman da ba shi da suna. Ba a yi zaman makoki ba, ba sadakar uku, ba ta arba'in. Mata in sun shigo sai su rasa gaisuwar da za su yi mata, ko su ce yaya haƙuri, ko su ce yaya kewar maigida, sai yawancinsu su tsaya ga yaya aiki. Ba ta da ikon yin aure, ba ta da ikon yin takaba. Ta ci gaba da bandarta, tana sayen kifi hannun Yusha'u da abokansa, tana dafa wa surukarta abinci.

Da bazara ta kama, aka yi ta sakin ruwa don masu noman rani na ƙasa, tafkin ya ja baya da nisa, ya bar laka tana tsattsagewa. Cikin watan Afrilu Yusha'u ya je ciro wasu tsofaffin gurarsa na kamun kifi da suka maƙale, sai ya ga ƙashi ya leƙo daga laka. Ya kira mutane, aka tona. Aka sami ƙasusuwan ƙafa da na cinya, da haƙarƙari, da na hannu ɗaya, da guntun wando irin wanda kowane masunci yake sawa. Ba a sami kai ba. Wurin bai fi tafiyar minti ashirin a kwalekwale daga inda aka tsinci jirgin Mode ba.

Maigari ya ce kada a rufe sai hukuma ta gani, ya aika aka sanar. Kafin a zo, ƙasusuwan suna cikin wani kwando a zaurensa, baƙi ƙirin da laka, suna wari. Yusha'u ya shigo wurin ƙanwarsa ya gaya mata yadda suke. Larai ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ce ko na wane ne, mutum ne, bai kamata a bar shi da ƙazanta ba. Ta ɗora babbar tukunya, ta tafasa ruwa da ganyen magarya kamar yadda ake yi wa mamaci, ta haɗa da sabulu da soso ta ba shi. Da ya dawo ya ce an wanke tas amma har yanzu da danshi, sai ta nuna masa fallen kwanonta.

"Ɗauki guda ka kai. A baza su bisa, inda rana ka bugu. Abin ruwa in ba a shanya shi ba lalacewa shika yi."

Kwana huɗu ƙasusuwan suka yi bisa kwano a bayan zauren maigari, an kewaye da zana saboda karnuka. Duk wanda ya taɓa ɗora tafin hannu bisa kwano da azahar a watan Afrilu a ƙasar nan ya san ba a daɗewa. Suka bushe, suka yi fari, warin ya tafi. Aka yayyafa masu turare, aka zuba cikin buhun taki da aka wanke, irin mai leda a ciki, aka ɗaure baki. 'Yan sanda suka zo suka duba, suka rubuta, suka ce a ajiye. Aka sa buhun a wani shago mai rufin kwano, ya yi mako uku a nan. Kowa ya yaba da yadda aka mutunta gawar.

Sai bayan haka Larai ta kai wa Elisabatu kifi, ta ba ta labari. Ta tarar da ita tana jera wasu 'yan katuna bisa katako a kusurwar ɗakin gwajin, kowane da ɗigon jini biyar. Jinin dunduniyar jarirai ne da ake aikawa babban birni a gwada. Elisabatu ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce akwai gwajin da zai iya faɗin ko ƙashin nan na ɗan Inna Kyauta ne. Ta ce a cikin jini, da miyau, da ƙashi, da haƙori, akwai wani abu da ake kira DNA, siriri kamar zare, wanda ido ba ya gani, ɗauke da alamomin da mutum ya gada, rabi daga uwa rabi daga uba. In aka karanta na ƙashin aka karanta na uwar, za a san ko ita ta haife shi. Larai ta ajiye kwanon kifin ta zauna.

Elisabatu ta tambayi inda ƙasusuwan suke da yadda aka yi da su. Larai ta faɗa mata da ɗan alfahari, tun daga ruwan magarya har zuwa kwano.

"Ruwan da zafi?" in ji Elisabatu.

"Tafasasshe, Sista. Da sabulu."

"Rana kuma kwana nawa?"

"Huɗu. Sun bushe ƙarau, ko ɗigon danshi babu."

Elisabatu ta gyara katunanta. Can ta ce, "Larai, ashe kin yi masa banda."

Ba da wasa ta faɗa ba, amma ba ta faɗa da faɗa ba. Ta nuna mata katunan, ta ce ita ma shanyawa take yi, don danshi shi ne babban maƙiyin abin nan: inda ruwa yake, ƙwayoyin cuta da hunhuna suna cin zaren, ruwan kansa ma yana tsinka shi a hankali, kuma in da ɗumi abin ya fi sauri. Har nan Larai ta yi daidai. Amma ita a inuwa take shanya nata, cikin ɗaki, inda iska ke wucewa, ba ta bari ko hasken taga ya taɓa su. Zafi yana gutsuttsura zaren, hasken rana yana ƙona shi, tafasasshen ruwa kuwa ya haɗa zafi da jiƙa wuri ɗaya. Leda kuma, in aka ɗaure ta a ɗaki mai zafi, ɗan danshin da ya rage can cikin ƙashi ba shi da hanyar fita. Ta ce wata bakwai cikin ruwa mai ɗumi da laka ya riga ya ci rabonsa tun kafin kowa ya sa hannu, don haka kada Larai ta ɗora wa kanta duka. Amma abin da ruwa ya rage, shi aka ɗora bisa kwano.

Larai ta tambaya ko ya ƙare ke nan. Elisabatu ta ce ba ta sani ba. Ƙashin cinya yana da kauri, wataƙila can tsakiyarsa wani abu ya tsira. Da akwai haƙori da ya fi, don haƙori rufaffe ne, ba abin da ya kai shi riƙe abin nan.

Yusha'u da ya ji, bai yarda nan take ba. Ya zo asibitin da kansa, ya ce shi bai taɓa jin an ce rana ta ɓata ƙashi ba, ga ƙasusuwan shanu nan a daji shekara da shekaru. Elisabatu ta ce ƙashin yana nan, abin da ke cikinsa ne ba ya nan. Ta tambaye shi a ina yake shanya tarunsa. Ya ce a inuwa, ƙarƙashin itacen bedi. Ta ce me ya hana shi baza shi a fili. Ya ce ai zaren roba in ya sha rana sai ya yi ta tsinkewa ko ba a ja shi ba. Daga nan bai ƙara musu ba, ya ce zai yi wa ƙungiyar masunta magana su ɗauki nauyin aikin, suka kuwa ɗauka.

Saura miyan Inna Kyauta, kuma nan aka daɗe. Tunda 'ya'yan Mode ba su rayu ba, mahaifin Mode kuma ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ce za a gwada da ita. Ta ce ba za ta ba da miyanta a haɗa da ƙashin da ba ta san na wane ne ba, ɗanta yana can yana sana'arsa. Larai ba ta iya yi mata gardama, ba a yi da suruka. Kwana goma ana aika wa tsohuwar mutane, har liman. A ƙarshe Elisabatu ta hau babur ta je da kanta da safe, ta durƙusa ta gaishe ta, ta zauna bakin tabarma.

"Ɗiyata, ke ta mai son miyan tsohuwa? Mi za ki yi da shi, miya?" in ji Inna Kyauta.

"Inna, in ba Mode ba ne, takarda za ta faɗa. Kowa ya huta da damunki."

Tsohuwar ta dube ta. "Tana hwaɗin ba shi na ba?"

"In ba shi ba ne, tana faɗi."

"To ɗauki. Ku ji da kunnuwanku."

Sai da Elisabatu ta sa ta furzar da goron da ke bakinta, ta kurkure, aka jira rabin sa'a, tsohuwar tana mitar an hana ta karin kumallonta. Sannan ta goga mata tsinke mai auduga a cikin kunci, ta kafa shi cikin wani kofi a ɗakin Larai har ya sha iska, ta sa a ambulan na takarda. Larai tana tsaye tana kallon yadda ake yi. Likita ya yanko guntun ƙashin cinya a gaban ɗan sanda, aka naɗe a takarda, aka rufe aka sa hannu, aka aika wani ɗakin gwaji a Legas.

Amsa ta zo cikin watan Yuli, damina ta riga ta sauka. Elisabatu ta kawo kwafin takardar gida, ta karanta masu a tsakar gida, Larai da Yusha'u da Inna Kyauta. Na tsohuwar ya karantu duka, alamomi goma sha biyar cif. Na ƙashin kuwa, an gwada sau biyu, an gane namiji ne, an karanta alamomi uku gajeru, sauran duk sun gutsuttsure ba su karantuwa. Ukun nan ba su saɓa da na Inna ba. Amma uku ba su isa ba, don in aka tara mazan gaɓar nan aka gwada su, da yawa za su dace da ita a wurare uku ba tare da ta haife su ba. Takardar ta ce samfurin ya lalace ƙwarai, irin lalacewar da daɗewa cikin ruwa da zafi suke kawowa, ta kuma ce in akwai haƙori a aiko.

Yusha'u ya ce to ai shi ke nan, tunda ba su saɓa ba Mode ne. Inna Kyauta ta ce takarda ba ta ambaci ɗanta ba. Elisabatu ta ce dukansu biyu su bar takardar ta faɗi abin da ta faɗa kawai: ba ta ce shi ne ba, ba ta ce ba shi ba ne. Da za a tashi Larai ta tambayi abu ɗaya, ko haƙori guda ya isa. Elisabatu ta ce sau da yawa yana isa, musamman na tauna.

Washegari da sassafe Larai ta ɗauki rariyar waya da take tace ƙananan kifi, da fartanya, ta ce wa yayanta ya nuna mata wurin. Mace ba ta saba zuwa can ba, amma ba wanda ya hana ta. Ruwa ya fara dawowa, tsakaninsa da wurin bai fi taku sittin ba, kuma kullum yana matsowa. Yusha'u ya kafa kara a bakin ruwan don su riƙa ganin yadda yake tahowa. Suka yi ta haƙa, suna murje laka da hannu bisa rariyar. Elisabatu ta ba su ambulan uku, ta ce in sun samu kada a wanke, kada a kankare, kada a sa a leda, a bar shi da lakarsa a inuwa. Larai ta ɗaura su a gefen zaninta cikin wani tsumma.

Rana ta farko suka sami ƙugiyoyi da gutsattsarin kwalba. Ta biyu, ƙananan ƙasusuwa biyu masu kama da na yatsu, waɗanda Larai ta sa a ambulan, amma da Elisabatu ta nuna wa likita ya ce na akuya ne. Ta uku aka yi ruwan sama tun safe har la'asar. Yusha'u ya ce kai ba ya zama tare da jiki, shi ne farkon rabuwa, ruwa yana mirgina shi, yana iya kasancewa ko'ina cikin tafkin. Larai ta ce ta ji, ta ci gaba da haƙa. Rana ta biyar suna aiki ruwa yana idon sawunsu, ramukan da suka haƙa suna cika kafin su kwashe. Rana ta shida da suka iso, karan Yusha'u ya nutse, wurin ma sai da suka yi musun inda yake. Larai ta tsaya cikin ruwa har gwiwa na ɗan lokaci, sannan ta wanke rariyarta suka koma. Da bazarar da ta biyo sun sake zuwa, amma laka sabuwa ta hau, ba su sami komai ba.

Hukuma ta ba da izini aka rufe ƙasusuwan. Aka yi masu sutura da salla a matsayin bawan Allah musulmi da ba a san sunansa ba. Inna Kyauta ba ta karɓi gaisuwa ba, Larai ma ba a yi mata ba.

Cikin watan Agusta Yusha'u ya raka ta kotu. Alƙali ya karɓi takardar Legas, ya sa aka fassara masa, ya tambayi Elisabatu da aka kira shaida ko za ta iya cewa ƙashin na Mode ne. Ta ce ba za ta iya ba. Ya tambaya ko akwai wanda ya ga nutsewarsa, aka ce babu. Ya tambaya ko mutumin ya saba tafiya ba sallama, Yusha'u ya ce ya saba. Alƙali ya ce to hukuncinsa hukuncin wanda ya ɓace ne: za a aika cigiya garuruwan da yake zuwa, in ba labari, matarsa ta jira shekara huɗu daga yanzu, ba daga ranar da aka ga kwalekwalen ba. Ya gaya mata kuma cewa in zaman ya cutar da ita tana da ikon neman a raba auren tun kafin lokacin. Larai ta ce ba saki take nema ba. In Mode ya rasu tana son ta yi masa takaba, in yana raye kuma ya zo ya same ta.

A hanyar komawa Yusha'u ya ce da bai ɗauki kwanon nan ba. Larai ta ce ita ta ba shi. Ba su sake tayar da maganar ba.

Shekarun nan huɗu ba su da wani labari mai yawa. Cigiya ta je Yawuri ta dawo ba komai. Sau biyu wani ya ce ya ga mai kama da Mode a wata kasuwar kifi, Yusha'u ya je ya tarar ba shi ba ne. Larai ta ƙara murhu na biyu, masu sayen kifi daga Rabah da Gandi suka san ta, suna aiko kwalayensu tun kafin ranar kasuwa. Wani mai shagon kayan injin ban-ruwa, Lawwali, wanda matarsa ta rasu, ya aiko a ji ta bakinta, ta ce a gaya masa ita matar aure ce. Ya jira shekara guda, ya auri wata.

Abu ɗaya ya canja a ƙauyen. Da aka tsinci wata gawa a magudanar ruwan noman rani bayan shekara biyu, maigari ya aika a tambayi Larai yadda za a yi kafin hukuma ta iso. Ta ce kada a wanke, kada a kai rana, kada a sa a leda, a shimfiɗa a ɗaki mai iska, a kula da haƙora. Aka yi yadda ta ce. Wannan karon ba a kai ga gwaji ba, don dangin mamacin sun gane shi da wata tsohuwar karaya a hannu. Elisabatu takan ce da ana ba da takardar shaida a kan wannan da ta rubuta wa Larai, Larai kuma takan ce ta riƙe takardarta, ta ga abin da takarda take iyawa.

A watan Agusta na dubu biyu da goma sha takwas suka koma kotu. Wani alƙalin ne, na farkon an yi masa canjin wuri. Ya duba fayil, ya tambaya ko an ji wani labari, aka ce babu. Ya yanke cewa a hukunce Mode ya rasu, matarsa ta shiga takaba daga ranar, wata huɗu da kwana goma.

Da suka dawo gida, Larai ta tarar Inna Kyauta ta share mata ɗaki, ta ajiye mata zane da kallabi marasa ado bisa gado. Tsohuwar ta tsufa ƙwarai a shekarun nan, da sanda take tafiya. Larai ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaya mata abin da alƙali ya ce, ko da yake ta ga alamar labari ya riga ta isowa.

"Na jiya," in ji Inna Kyauta. "Tashi ki kwance kitson ga, ki shiga. Ke alƙali ya sallame ki. Ni ba wanda yas sallame ni."

Mata suka fara shigowa da la'asar, suna yi wa Larai gaisuwar rashi. In sun fito sai su leƙa ɗakin tsohuwar su gaishe ta da yini kawai, don ta riga ta faɗa cewa ita ba a yi mata mutuwa ba. Larai ta yi takabarta a gidan, Yusha'u yana kawo kifi har ƙofa, tana bandarta a tsakar gida. Ta fita cikin watan Disamba, tana da shekara talatin da shida. Dangi suka ce ta koma gidan yayanta, ta ce sai ta ga wanda zai riƙa dafa wa Inna tukuna. Ta ƙara shekara biyu a gidan, har tsohuwar ta rasu, sannan ta kwashe murhunta ta koma.